Ƙafar Hajjo da Ruwan Alwala

Abin da na fara gani da na shiga gidan kakata a Zurmi shi ne takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofar ɗakinta. Na dama ne, na roba, wanda take zuwa gona da shi. Na hagun kuwa can na hango shi ƙarƙashin rumbu, kaji sun ɓata shi, alamar an kwana biyu ba a saka shi ba. Na yi sallama na tsaya riƙe da jakata.

"Wa ni ka ji? 'Yar boko ce?" in ji ta daga ciki. "Shigo mana, kin tsaya kamar mai karɓar haraji. An ce gwamnati na ciyar da ku, ga ki kamar sillen kara."

Hajjo muke ce mata, ko da yake ba ta taɓa zuwa Makka ba. Ita ta haifi mahaifiyata. Tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafar hagu a kan tsumma, ƙafar ta kumbura har tana sheƙi. Ɗakin yana warin man shanu da wani wari kuma a ƙarƙashinsa wanda ban sani ba a lokacin. Daga baya na san shi sosai.

Babban hutun damina ne, shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a, ina aji uku a makarantar 'yan mata a Kaura. Mahaifiyata tana jego, ba ta da halin tafiya, shi ya sa aka turo ni in taya Hajjo 'yan aikace-aikace. An ce mini ƙaya ce ta taka, kwana kaɗan za ta warke. Na rubuta abin da ya biyo baya ne saboda masu tsofaffi a gida, musamman tsofaffin da ba sa wasa da ibada, don da mun san abin da muka sani yanzu, wataƙila da ƙafar tana nan.

Ƙaya ce kuwa. Ta je bayan dangar gida tsinkar tafasa ta taka ta, ba ta ma ji ba, sai da ta ga jini a takalmi. Wannan rashin jin shi ne alama ta farko, amma babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Kawu Sani, ƙanin mahaifiyata wanda suke gida ɗaya da ita, cewa ya yi ƙafar Hajjo ta yi kanta saboda yawo ba takalmi tun ƙuruciya. Alama ta biyu ita ce randar ɗakinta. Kullum sai na cika ta safe da yamma, tana sha kamar wadda ta dawo daga tafiyar rani, sannan ba ta gajiya da zagayawa bayan gida. Ni na lura da haka, har na lura tururuwa na taruwa a wurin, amma ban san da wata ma'ana ba.

Makon farko na gida ne. Ana jiƙa bagaruwa a wanke ciwon, a barbaɗa garin ganye, a shafe gefensa da man shanu. Duk wanda ya zo dubiya sai ya bar mana magani. Wata maƙwabciya ta ce ba ƙaya ba ce, abu aka binne ta tsallaka. Hajjo ta ce mata wanda zai ɓata kuɗinsa ya yi wa tsohuwa irinta asiri ai shi ya fi buƙatar magani. Kawu Sani yana kai hatsi kasuwar Shinkafi, ya dawo da wani farin gari a ƙullin leda, wai daga Nijar aka kawo shi. Da aka zuba sai da ta runtse ido, ta ce ko ba komai wannan ya tuna mata tana da ƙafa. A mako na biyu aka kira wanzami ya tsaga kumburin. Ruwa ya fita da yawa, kowa ya ce alhamdulillahi, sauƙi ya samu. Bayan 'yan kwanaki bakin tsagar ya buɗe ya ƙi haɗewa, zazzaɓi ya shigo, mai kemis ya zo ya yi allurai, zazzaɓin ya tafi ya dawo.

Duk wannan lokaci sallar Hajjo ba ta motsa ba. Ladan bai rufe baki ba ta jawo buta. Tana jan jiki zuwa bayan ɗakinta inda aka kewaye mata da zana, ba ta yarda kowa ya bi ta.

A mako na uku Kawu ya ce sai asibiti. Lokacin an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, ita kuma ba ta iya takawa, sai a baro muka tura ta zuwa tasha, an shimfiɗa mata bargo a ciki. Ta rufe fuska da mayafi tana cewa yau ta zama buhun gero, Sani ya yi hankali kada ya wuce da ita Shinkafi. Muka jira motar da ke da gurbin mata ta cika. Kafin mu isa Kaura rana ta yi sama.

A asibitin layin kati daban, layin ganin likita daban, na awon jini daban, kowanne kuma maza gefe mata gefe. Saboda haka Kawu ba shi da ikon tsaya mana, ni ce a layi. Ni kuwa ban iya ture mutane ba. Mata suna shiga gabana ina kallo, bakina ya ƙi buɗuwa, sai da wata dattijuwa daga Ɗan Isa ta kama hannuna ta ce wa na gaba yarinyar nan tun ɗazu take nan, ku ji tsoron Allah. Ban san sunanta ba, amma ina yi mata addu'a.

Likitan ya duba ƙafar, ya danna yatsun ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko tana ji. Ta ce tana jin na sama. Da sakamakon jini ya fito ya ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinta. Ya yi faɗa a kan tsagar wanzami. Aka kankare ciwon, aka naɗe da bandeji, aka rubuta ƙwayoyi. Nas ɗin da ta yi wankin, wata doguwa mai saurin fushi, ta riƙe hannun Hajjo ta ce:

"Iya, ki ji ni da kyau. Ruwa kada ya taɓa ƙafar nan. Ko ɗigo. Mu kaɗai za mu wanke ta."

Hajjo ta ce to.

Muka koma Zurmi, muna zuwa Kaura wankin ciwo duk bayan 'yan kwanaki. Kowace tafiya kuɗin mota ne, da bandeji, da auduga, da ruwan wankin, har safar hannun da nas za ta saka mu muke saye. Akuyar Hajjo ta tafi kasuwa, sannan 'yar akuyar ta bi ta. An hana ta fura da zuma, ita da ba ta iya wuni ba fura. Ta bi wannan dokar ba musu. Ƙwayoyin ma ba ta taɓa tsallakewa ba. Amma ciwon ba ya gaba, sai baya. Duk ranar wanki nas tana kwance bandejin tana tsaki, naman ya yi fari ya yi laushi kamar wanda aka jiƙa.

Ni na riga na lura bandejin yana da danshi. Na tambaye ta, ta ce raɓa ce. Wata rana ta ce ɗakin ne ke yoyo. Damina ce, komai a jiƙe yake, na yarda. Amma sai na ga ƙullin bandejin ba irin na nas ba ne. Nas tana soke bakinsa ciki ne, wannan kuwa an ɗaure shi irin ɗaurin da Hajjo take yi wa bakin ƙullin daddawa.

Wata azahar kowa yana gona, gidan shiru. Na je kwashe shanya a bayan ɗakinta saboda hadari ya taso, sai na hango ta ta ɓular zana. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta kwance bandejin ta ɗora a cinya. Ta riga ta wanke fuska da hannuwa da ƙafar dama. Ta ɗago ta hagu da hannu biyu, ta zuba mata ruwan rijiya daga buta, ta cuɗa tun daga idon sawu, ta bi tsakanin yatsu da ɗan yatsanta, har kan ramin ciwon. Sau uku, a natse, bakinta yana motsi. Sannan ta mayar da bandejin a kan jiƙaƙƙiyar ƙafar ta ɗaure.

Sai da ta idar da salla na iya magana. Na ce mata a hankali na gani. Na ce a islamiyya an koya mana mai rauni yana shafa hannu ne a kan abin da aka ɗaure, alwalarsa ta yi.

"Ke za ki koya mini alwala? Na fara ta tun uwarki ba ta zo duniya ba."

Ta ɗan jima tana jan carbi, sannan ta sassauta murya.

"Zauna ki ji. Tun ina ƙasa da ke ubana ya gaya mini, ranar tsayuwa masu alwala za su tashi gaɓoɓinsu na haske, duk inda ruwa ya taɓa. Da shi za a gane mu cikin taro. Alkawari ne, ba zancen mutum ba. Ni ban yi karatu ba, ban je Makka ba, ban da dukiyar da zan yi sadaka. Wagga alwala ita ce abin da ni ka da shi. Yanzu da na kusa isa, sai in tashi da ƙafa guda cikin duhu don wata mai farin kaya ta ce?"

Ta ce kada in gaya wa Sani, yana da abin da ya dame shi.

Ranar wanki ta zagayo. Nas ta kwance bandeji, ta dubi ƙaramin yatsan da ya fara baƙi, ta ajiye almakashi. Ta tambayi wa ke jiƙa ƙafar nan. Hajjo ta ce damina. Nas ba ta ko kalle ta ba, ni ta kalla. Kawu yana tsaye a bakin ƙofa. Na dubi ƙasa na ce alwala take yi.

Na zaci nas za ta yi ihu yadda ta saba. Ba ta yi ba. Ta zauna a bakin gadon ta ce ita ma laifinta ne, ta ce ruwa, ba ta ce alwala ba, kuma ta san tsofaffinmu. A mota Hajjo ba ta yi mini magana ba har muka isa gida. Da na kawo mata tuwo ta ce in kai wa nas, tunda ita ce kakata yanzu.

Washegari Kawu ya ɗauko limamin unguwa, tsoho ne sa'anta, tare suka tashi. Ya zauna daga bakin ƙofa ya yi mata bayanin shafa, ya ce sauƙi ne Allah ya yi wa bayinsa, ƙin karɓarsa ba ƙarin lada ba ne. Ta saurara har ya gama.

"Malam, hukuncin na ji. Ba shi ni ka tambaya ba. Hasken fa?"

Liman ya ce, "Hajjo, wanda ya yi alkawarin shi ya aiko da ciwon. Kina ganin tsumma zai tare masa gani?"

Ta ce a'a.

"To ki shafa. In an rage miki wani abu, ki kama ni can."

Ta yi 'yar dariya, ta ce ai da ma tana da abubuwan da za ta kama shi da su. Daga ranar ta fara shafawa. Ina kallonta tana jiƙa hannu, ta yarfe, ta bi saman bandejin da shi, fuskarta kamar wadda aka ba tuwo ba miya. Amma ba ta sake kwancewa ba.

Sai dai an makara. Baƙin ya bar ƙaramin yatsa ya kama na kusa da shi, ya hau bayan ƙafa. Warin ya kai sai mun kunna turare kafin baƙi su shigo. Likitan Kaura ya ce abin ya wuce nan, mu tafi Gusau. Da can Sakkwato ake tura irin wannan, Kawu ya ce ko ba komai sabuwar jiha ta rage mana tafiya. Ya sayar da hatsin da ya ajiye don jiran tsada. An koma makaranta ina zaune a kan tabarma a gefen gadon asibiti, ina wanke kwanoni, ina bin layin magani, ina korar ƙuda. Ƙawayena na aji suna can suna sabon zango. Na gaji har na daina jin gajiyar, sai dai in ga na zauna da cokali a hannu na manta abin da zan yi da shi.

Likitan Gusau mai magana a hankali ne. Kawu ya gaya masa zancen alwala yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Likitan ya ce ruwan ya taimaka wajen lalacewar ciwon, tsagar ma ta taimaka, amma sugar da ta shekara da shekaru ba a sani ba ita ce uwar tafiyar. Sannan ya faɗi maganar da ta zauna mini: ƙafar ta riga ta mutu, in aka bar ta za ta ja mai ita. Sai an yanke daga ƙasan gwiwa.

Hajjo ta ce ba ta yarda ba. Da ƙafa biyu aka kawo ta duniya, da biyu za ta koma. Kawu ya yi lallashi, ya yi fushi, ya fita waje ya share hawaye ya dawo. Mahaifiyata ta zo da jariri a baya ta durƙusa tana roƙo. 'Yan dubiya suka rabu biyu, wasu na cewa a mayar da ita gida a ci gaba da na gargajiya, wasu na cewa a danne ta kawai a yi. Zazzaɓi yana ta hawa, ana ƙarin ruwa leda bayan leda, har ta fara kiran mahaifiyata da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa.

Wata safiya hankalinta ya dawo sarai. Na kawo mata ruwa a kwano ta yi alwala a zaune, ta shafi bandejin, ta daɗe tana kallon ƙafar. Sai ta ce in kira Sani.

"Na yi tunani," in ji ta. "Ƙafag ga ta yi aikinta. Duk wankin da munka yi an rubuta mata, ba wanda zai goge. Wanda ya ce zai tada ƙasusuwan da sunka ruɓe ba zai rasa inda ya aje ƙafa guda ba. Riga ni tafiya kawai za ta yi. Ku ce su yanke."

Kawu ya fita da sauri neman likita kafin ta sake shawara.

Yau Hajjo tana Zurmi. Tana salla a zaune, tana tafiya da sanduna biyu, tana zagin su kullum. Ƙwayar suga ta zama abincinta, fura kuwa sai dai ta shaƙi ƙamshin ta wasu. Ni na maimaita zangon da na rasa. Gidan Kawu bai gama farfaɗowa ba har yanzu. Muna gode wa Allah da ya bar mana ita, muna gode wa nas ɗin Kaura duk da faɗanta, da matar gadon kusa da mu, 'yar Kurya Madaro, wadda take tsare mini Hajjo in na tafi layi. Ban yafe wa layukan ba, da wutar da ake ɗaukewa, da yadda komai sai ka saya ko da mutum na mutuwa. Abin da zan ce wa mai tsoho a gida shi ne, in ka ga yana yawan shan ruwa, ko ya ji ciwo bai ji zafi ba, a auna jininsa kafin a kira wanzami. In kuma likita ya ce kada ruwa ya taɓa, a zauna a yi zancen alwala ƙarara tun ranar, a kira malamin da tsohon yake jin maganarsa. Ba za su tambaya da kansu ba.

Ranar aikin, da aka zo tura ta ɗakin tiyata, Kawu ya tafi sayo abin da aka rubuta, mahaifiyata tana waje da jariri. Ni kaɗai ce ke bin gadon. Hajjo ta kama bakin hijabina ta jawo ni, ta raɗa mini abin da take so. Ta ce Sani zai manta, uwata kuma kuka za ta yi, ni ce mai riƙe abu.

A ƙofar tiyata aka ce in tsaya nan. Likitan ya taho yana ɗaura abin rufe baki, mutane biyu na biye da shi, yana sauri. Ban taɓa tare babban mutum da magana ba a rayuwata. Na sha gabansa, ya tsaya yana dubana.

Na ce, "Likita, don Allah, in kun cire kada ku zubar. Ku naɗe mana ita a farin ƙyalle mu tafi da ita Zurmi mu binne. Kuma ta ce tunda yanzu ruwa ba zai ƙara yi mata komai ba, a bar ni in wanke ta kafin a naɗe, tun daga idon sawu har tsakanin yatsu, sau uku."